Inci Uku da Ƙota Mai Riƙo: Abin da Ke Yanke wa Wuƙar Aljihu Tsawo

A Ingila, abin da ya raba kayan aiki da makami a idon ɗan sanda bai wuce 'yan milimita ba. Wata doka da majalisar ƙasar ta zartar a 1988 ta haramta yawo da duk wani abu mai kaifi ko mai tsini a bainar jama'a ba tare da ƙwaƙƙwaran dalili ba, amma ta toge abu guda: 'yar wuƙar aljihu mai naɗewa wadda kaifinta bai wuce inci 3 ba, wato santimita 7.62. Wanda tasa ta tsaya a nan, dokar ba ta neme shi da bayani ba. Wanda tasa ta zarce, in ba shi da hujja, yana iya shan ɗaurin da ya kai shekara 4.

Wannan adadi na inci uku ya bi duniya. Kamfanonin Amurka suna ƙera wuƙaƙe da shi a zuciya, masu sayarwa suna rubuta shi a jikin kwali, kuma da wuya a yi hira tsakanin masu sha'awar wuƙar aljihu ba a dawo kansa ba. Sai dai ba 'yan majalisar Landan ne suka ƙago shi ba. Tun kafin su zauna, tafin hannun ɗan Adam da aljihun tufafinsa sun riga sun kai maƙera kusa da wurin. Tsawon ruwan wuƙa da abin da aka yi ƙotarta da shi, waɗanda su ne manyan abubuwa biyu da ake jayayya a kansu, ba ado ne ke yanke su ba. Aiki ne, da yanayi, da kuma abin da hukuma za ta lamunta.

Tafin hannu ne ma'auni na farko

Wuƙa mai naɗewa tsohuwar aba ce. A Hallstatt ta ƙasar Austiriya an tono wata mai ƙotar ƙashi da aka ƙiyasta shekarunta da kusan 500 zuwa 600 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), kuma Rumawa sun bar irinta da yawa. Tun daga wancan zamani har yau ƙa'idarta ɗaya ce: dole ruwa ya shige cikin ƙota ya ɓuya, har tsininsa. Don haka ƙota ba ta taɓa gaza ruwa tsawo, hasali ma takan ɗara shi da kamar inci ɗaya, saboda wurin ƙusar da ruwan ke juyawa a kanta.

Daga nan lissafin ya fito. Faɗin tafin hannun baligi yakan kai santimita 8 zuwa 9. Ƙotar da za ta ɗauki yatsu huɗu ba tare da ƙaramin yatsa ya rataya a iska ba tana buƙatar kamar santimita 10. Ruwan da zai kwanta a cikin irin wannan ƙota kuwa bai wuce santimita 7 da rabi zuwa 8 da rabi ba. Mai neman ƙota mai cika hannu, ko bai sani ba, ruwan inci uku yake nema.

Masu harkar sukan kasa wuƙaƙen aljihu gida uku. Akwai ƙanana, masu ruwa ƙasa da inci biyu da rabi, waɗanda ake ratayawa da makulli. Su ne na yanke zare, da fiƙe fensir, da ɓare kwali, da gyara farce. Akwai matsakaita, daga inci biyu da rabi zuwa uku da rabi, waɗanda suke iya raba lemo gida biyu da jan wuƙa ɗaya, su yanke igiya, su fere mangwaro ko rake, su feɗe wayar lantarki. Sai manya, daga inci uku da rabi zuwa sama, na mafarauta da masu kwana a daji.

Babu kamfanin da ya shimfiɗa wannan tsani a fili kamar Opinel na Faransa. Joseph Opinel ya fara ƙera wuƙarsa a 1890 a tsaunukan Savoie, yana ɗan shekara 18, kuma a 1897 ya fitar da ita girma goma sha biyu, daga lamba 1 zuwa lamba 12. Ya bar wa mai saye ya zaɓa. Daga baya aka daina yin lamba 1 da lamba 11. Wadda jama'a suka fi raja'a a kanta ita ce lamba 8, mai ruwan santimita 8.5, mai nauyin da bai kai giram 50 ba. Manoma, da makiyaya, da masu dasa inabi, da ma'aikatan jirgin ƙasa ne suka yi wannan zaɓi da kuɗinsu, tun babu wata dokar inci.

Akwai dalilin da ya sa ƙarin tsawo ba ya zama ƙarin amfani. Yawancin aikin yau da kullum da tsini ake yinsa, ko da inci ɗaya na kusa da ƙota. Idan ruwa ya yi tsawo, tsini ya yi nisa da yatsu, sarrafa shi sai ya yi wuya. Ɗan makarantar allo da ke fiƙe alƙalaminsa na kara ya san wannan a hannunsa: babban yatsa yana tokare da bayan ƙarfen, sauran yatsu suna juya karan, ana ɗauke ɓawo siriri-siriri har baki ya fito, sannan a tsaga shi da ɗan tsini. Duk aikin bai ci fiye da santimita biyu na kaifi ba. Ban da haka, duk tsawon da aka ƙara wa ruwa, ƙarin nauyi ne ake ɗora wa ƙusar gaɓa idan aka danna, kuma a gaɓar nan wuƙa mai naɗewa ke fara girgiɗi.

Kauri ma yana da nasa. Ruwan Opinel lamba 8 bai kai milimita 2 ba, shi ya sa yake ratsa albasa ko tuffa ba tare da ya fasa ta ba. Da yawa daga cikin wuƙaƙen zamani masu siffar ta sojoji suna da kaurin milimita 3 zuwa 4. Suna da kwarjini, amma a kan tumatir siririyar ta fi su.

Daga giram 200 zuwa giram 50

A 1964 kamfanin Buck na Amurka ya saki wuƙar da ya kira 110 Folding Hunter. Ruwanta inci 3.75 ne, kanta da gindinta na tagulla, tsakiyarta na baƙin katako, tana da makulli a baya mai riƙe ruwa gam har a iya feɗe barewa da ita. Nauyinta ya ɗan haura giram 200. Ta yi farin jinin da ya sa Amurkawa da yawa suka riƙa kiran duk wuƙa mai irin wannan makulli da sunan Buck. Amma ba a aljihu take zama ba. Da kubenta na fata ake sayar da ita, a rataye ta a bel.

Sauyin ya zo a 1981, lokacin da Sal Glesser, mai kamfanin Spyderco da ke Golden a jihar Colorado, ya fitar da wata wuƙa mai suna Worker. Ya huda zagayayyen rami a jikin ruwan don babban yatsa ya buɗe ta da hannu ɗaya, ya kuma maƙala mata ɗan ƙarfe mai cizon bakin aljihu. A 1990 kamfanin ya ƙara da Endura da Delica, masu ƙotar roba mara nauyi. Ita Delica, mai ruwa ɗan ƙasa da inci 3, ta zama ma'aunin da ake gwada sauran da shi. A 2017 kuma Benchmade ya fito da Bugout, mai ruwan inci 3.24 da nauyin giram 52 kacal, wato kusan rubu'in nauyin Buck 110. A cikin shekara hamsin da 'yan kai, wuƙar Ba'amurke ta sauko daga ƙugu ta shige aljihu, ta rage rabin inci, ta zubar da kashi uku cikin huɗu na nauyinta. Dalilin ba ɓoyayye ba ne: mai ɗaukarta ya tashi daga mafarauci ya koma ma'aikacin ofis da direba da makaniki, wanda babbar dabbar da yake feɗewa ita ce kwalin kaya.

A nan akwai abin lura ga mai sanya kaftani ko jamfa. Wancan ɗan ƙarfe mai cizon aljihu don wandon jins aka yi shi, mai kaurin baki da ɗinki biyu. Aljihun gefe na shadda ko yadi ba shi da wannan ƙarfi. Wuƙa mai nauyi tana jan rigar gefe guda, tana bugun cinya in ana tafiya, mai kaushin ƙota kuma tana cin yadin har ta huda shi. Ga mai irin wannan sutura, wuƙa shafaffiya, mai santsin jiki, wadda ba ta kai giram 80 ba, ta fi dacewa da aljihunsa fiye da wadda ake yayi a Texas.

Doka ce ke da wuƙa da nama

Kowace ƙasa da inda ta ja nata layin, kuma ba tsawo kaɗai ake dubawa ba. A Ingila, kotuna sun yanke hukunci a shari'ar Harris a farkon shekarun 1990, suka kuma jaddada a shari'ar Deegan ta 1998, cewa wuƙar da ruwanta ke kullewa idan an buɗe ba ta cikin waɗanda aka toge, komai gajartarta. Wannan ya jefa Opinel cikin wani hali. Tun 1955 kamfanin yake sa wa wuƙaƙensa, daga lamba 6 zuwa sama, wani zoben ƙarfe da ake murɗawa ya kulle ruwa don kada ya rufe a kan yatsu. Lamba 6 ruwanta santimita 7 ne, bai kai inci 3 ba, amma saboda zoben nan tana buƙatar dalili a titin Landan. Abin da aka yi don kare yatsa shi ya zama abin tuhuma. Spyderco kuwa sai ya ƙera wata ta musamman mara makulli, ya raɗa mata suna UK Penknife.

Jamus ta bi wata hanyar. Tun 2008 dokar makamanta ta hana yawo da wuƙar da ta haɗa abu biyu, buɗewa da hannu ɗaya da kuma kullewa, sannan ta hana wuƙa mara naɗewa da ruwanta ya wuce santimita 12, sai da dalili karɓaɓɓe. Bayan harin wuƙa da ya kashe mutum uku a wajen wani biki a Solingen a watan Agustan 2024, aka ƙara tsaurara dokar a wuraren bukukuwa da taron jama'a. Solingen ɗin nan ita ce garin maƙeran wuƙa na Jamus tun ɗaruruwan shekaru.

A Japan, yawo da ruwan da ya wuce santimita 6 ba tare da dalili ba laifi ne a bisa ƙa'ida. A can ne aka ga yadda lamari ɗaya ke iya durƙusar da sana'a. Akwai wata 'yar wuƙa mai suna Higonokami da ake ƙerawa a garin Miki tun ƙarshen ƙarni na 19, wadda 'yan makaranta ke fiƙe fensir da ita. A watan Oktoban 1960 wani matashi ɗan shekara 17 ya soke shugaban jam'iyyar gurguzu ta Sosalis, Inejiro Asanuma, da gajeren takobi a gaban kyamarori. Gangamin raba yara da wuƙa da ya biyo baya ya kori Higonokami daga jakar 'yan makaranta, maƙeranta suka yi ta rufewa ɗaya bayan ɗaya, duk da cewa ba da ita aka yi kisan ba.

Amurka kuwa kowane gari da nasa: a gine-ginen gwamnatin tarayya ƙasa da inci 2.5 ne aka lamunta, a birnin New York ƙasa da inci 4, a Texas sai ruwa ya wuce inci 5.5 ake takura shi a wasu wurare. Bayan harin 11 ga Satumban 2001 aka hana shiga jirgin sama da kowace irin wuƙa. Kamfanin Victorinox na Suwizalan, mai jar wuƙar nan ta sojoji, wanda filayen jirgi ke cikin manyan kasuwanninsa, ya ce cinikin wuƙaƙensa ya faɗi da fiye da kashi 30 cikin ɗari. A 2013 hukumar tsaron filayen jirgin Amurka ta yi yunƙurin sake barin ƙanana masu ruwan santimita 6, amma ma'aikatan jirgi suka yi ca, aka janye. A 2024 shugaban Victorinox, Carl Elsener, ya bayyana cewa suna shirya wasu kayan aljihu da ba su da ruwan wuƙa sam. Alhazai da 'yan kasuwar da ke zirga-zirga tsakanin Kano, Jidda da Dubai sun san ƙarshen maganar: wuƙa komai ƙanƙantarta a babbar jaka take tafiya, in ba haka ba a bar ta a teburin bincike.

Itace: daɗin riƙo da jin yanayi

Ruwa ne ke yanka, amma ƙota ce ke hannun mutum, ita ce kuma ke nuna ko wuƙar za ta daɗe. Itace shi ne mafi tsufa a cikin abubuwan da har yanzu ake yayi. Ba ya sanyi da asuba, ba ya zafi da rana, yana shan man hannu yana ƙara kyau. Aibinsa shi ne yana numfashi da yanayi.

Ƙotar Opinel guntun katako ne guda ɗaya da aka tsaga masa hanya, daga wata bishiyar ƙasashen sanyi da Faransawa ke kira hêtre. In ta sha laima sai katakon ya kumbura ya matse ruwan, farce ya yi ta fama ya kasa zaro shi. Mutanen Savoie suna da dabararsu. Sai a kama wuƙar a rufe ta wajen zoben, a juya tsagar ƙasa, a ƙwanƙwasa gindin ƙotar a gefen tebur sau ɗaya da ɗan ƙarfi. Nan take tsinin zai leƙo, a kama shi a buɗe. Gindin da aka ɗan tanƙwasa shi ya sa bugun ke kamawa. Wanda zai riƙe irin wannan wuƙa a damina, dabarar za ta yi masa rana. Da hunturu kuma akasin haka ake gani: katako ya bushe ya tsuke, ruwa ya saki har ya riƙa buɗewa da kansa. Ɗan man da ake shafa wa ƙotar lokaci-lokaci yana rage duka biyun.

Itatuwa masu tauri da maiƙo sun fi jure wannan. A cikinsu akwai baƙin katakon nan mai nauyi na dangin kanya, wanda ke fitowa daga dazuzzukan Afirka ta Tsakiya. Buck 110 ta yanzu da irinsa ake yi mata ƙota, daga injin yankan katako na Crelicam da ke Yawunde a Kamaru, wanda kamfanin gita na Taylor ya shiga mallakarsa a 2011. Wasu itatuwan kuma, irin dangin Dalbergia, an sa cinikinsu ƙarƙashin sa-idon yarjejeniyar ƙasa da ƙasa ta CITES tun 2017 saboda sarar da ta yi musu yawa.

Wata hanyar ita ce a ɗura wa katako danƙon masana'anta har ya cika ƙofofinsa, ya daina shan ruwa. Irin wannan ƙota ce a jikin Okapi, wuƙar da aka fara ƙerawa a Solingen a 1902 don kasuwannin Afirka, aka mayar da ƙirarta Afirka ta Kudu a 1988. Babbarta tana da ruwa kusan inci 4 da zoben da ake ja a saki makulli. Arha da ƙarko suka kai ta gonaki da kasuwanni har Jamaika, amma tsawon nan da sauƙin samu suka ja mata baƙin suna a unguwannin da ake faɗan wuƙa. Duk inda doguwar wuƙar aljihu ta yawaita a hannun 'yan daba, manomin da ke riƙe da irinta shi ma yakan sha kallo.

Ƙashi, ƙaho da haure

Kamfanin Case, wanda aka kafa a 1889 kuma yake Bradford a jihar Pennsylvania, ya yi suna da ƙotar ƙashi. Ƙashin ƙwaurin shanu masu tozo yake amfani da shi, dangin waɗanda Fulani ke kiwo, saboda ya fi na sauran shanu tauri. Ana sassaƙa masa 'yan ramuka don riƙo, a rina shi ja ko ruwan zuma ko kore. A kudancin Faransa kuma wuƙar Laguiole ta makiyayan Aubrac da ƙahon sa aka san ta. Maƙeran sun fi daraja tsinin ƙahon, inda yake cike ba rami, a kan gindinsa da ake gasawa a danne.

Dukansu biyu suna da kyau, kuma babu biyu da ke kama da juna. Amma ƙashi yana tsagewa in ya faɗi a kan siminti, musamman kusa da ƙusa, ƙaho kuma yana tanƙwarewa ko ya ɓare in zafi da bushewa suka yi masa yawa, misali a cikin motar da aka rufe a rana. Hauren giwa, wanda a da shi ne ƙotar masu hali, an rufe cinikinsa tsakanin ƙasashe tun matakin da CITES ta ɗauka a 1989. Wanda aka yi wa tallar sabuwar wuƙa mai haure, ko dai roba ce, ko kuma rigima.

Ƙarfe: daga falle guda zuwa taitaniyam

A 1929 kamfanin Cognet da ke Thiers, garin maƙeran Faransa, ya ƙera wata wuƙa don tsibiran Melanesiya, ya zana mata hoton wani dodon can mai suna Douk-Douk. Ba ta karɓu a inda aka nufa ba, sai ta samu kasuwa a Arewacin Afirka, musamman Aljeriya. Gaba ɗayanta abu shida ne: ruwa, da fallen ƙarfe da aka ninka biyu ya zama ƙota, da ƙarfen baya mai tsauri da ke riƙe ruwan, da ƙusa biyu, da ɗan lanƙwasasshen ƙarfe a gindi na zura igiya. Ba abin da zai kumbura, ba abin da zai tsage, kuma shafaffiya ce har mutum ya manta tana aljihunsa. Higonokami ma haka take, fallen tagulla ko baƙin ƙarfe ne aka ninka. Farashin wannan sauƙi shi ne siririn gefen yana cin tafin hannu in aiki ya yi tsawo, yana santsi da gumi, yana kuma ɗaukar zafi in an bar shi a rana.

Alminiyon ya rage nauyin. Wuƙar da sojojin Suwizalan suka riƙe daga 1961 zuwa 2008 ƙotarta ta alminiyon ce mai zanen gida-gida don riƙo. A saman tsani kuma akwai taitaniyam, wanda bai kai kashi 60 cikin ɗari na nauyin baƙin ƙarfe ba, ga shi ba ya tsatsa. Chris Reeve, haifaffen Durban da ya koma Boise a jihar Idaho a 1989, shi ya fito da dabarar tsaga gefen ƙotar taitaniyam ta zama ita ce makullin kanta, a wuƙarsa Sebenza. Ƙaramarta tana da ruwa ɗan ƙasa da inci 3. Kuɗinta ɗaruruwan daloli ne, amma a kan igiya ko kwali ba za ta nuna wa Opinel komai ba. Abin da ake biya shi ne daidaiton ƙira da gaɓar da ba ta girgiɗi bayan shekaru.

Abin da masana'anta suka haɗa

Yawancin wuƙaƙen aljihu na yau ƙotarsu ba daga daji ko mahauta ta fito ba. Ɗaya daga cikin robobin farko, seluloyid, ta iya kwaikwayon haure da ƙoƙon kunkuru, amma in ta tsufa tana fitar da wani tururi mai cin ƙarfe, har ta sa wa wuƙaƙen da ke kusa da ita tsatsa a cikin akwati ɗaya. Masu tara tsofaffin wuƙaƙe sukan ware ta gefe.

Uku ne ke jan ragama yanzu. Akwai roba mai gauraye da zaren gilashi, irin ta Delica da Bugout, wadda ake zubawa a ma'auni. Ita ce mafi arha da rashin nauyi, ba ruwanta da laima ko hunturu, sai dai wasu na ƙorafin tana ɗan lanƙwasa in an matse ta. Akwai G10, wanda asalinsa kayan lantarki ne: yadin zaren gilashi ake jerawa falle-falle, a jiƙa da danƙo, a danne da zafi. Yana da tauri ƙwarai, ba ya shan ruwa, amma mai kaushin cikinsa shi ne babban maƙiyin aljihu. Sai Micarta, wadda kamfanin Westinghouse ya fara yi wajen 1910, ita ma don kayan lantarki. Hanyar ɗaya ce da ta G10, amma da yadin lilin ko tamfol ko takarda. Zaren da ke leƙowa a samanta ya sa riƙonta ke ƙaruwa in hannu ya jiƙe, tana kuma yin duhu da man hannu kamar katako. Masunta da masu aiki cikin gumi sukan fi son ta saboda wannan.

Kafin a ciro kuɗi

Mai saye zai fi ƙaruwa in ya fara da ƙota kafin ruwa. Ya riƙe wuƙar a buɗe ya ga ko yatsunsa huɗu sun samu wuri. Ya matse ya ji ko akwai gefen da ke cizonsa. Ya kama bayan ruwan ya girgiza hagu da dama, in ya ji motsi a gaɓa, ya ajiye. Ya rufe ya shafa tsagar da yatsa, ya tabbata tsini bai leƙo ba. Kasuwannin duniya cike suke da jabun manyan sunaye, kuma a ƙusa da makulli ake gane su, ba a tambari ba. Makullin da ya saki yana aiki a kan yatsun mai shi yake rufewa.

Sannan ya san iyakarta. Wuƙar aljihu ba ta yankan layya ba ce. Ruwanta ya yi gajarta ga wuyan rago, ga shi malamai suna horo da a hutar da dabba da wuƙa mai kaifi da ta isa, kuma jini da kitse suna maƙalewa a gaɓarta inda wanki ba ya kaiwa. Ba adda ba ce, ba kuma sukudireba ba ce, da haka ake karya tsini. Ga sauran ayyukan yini, ruwan santimita 6 zuwa 8, siriri, a kan ƙotar da ta dace da yanayin garin mutum da irin rigarsa, ya wadatar. Ƙaramin goro ya fi babban dutse. Wanda aikinsa ke buƙatar abin da ya fi haka, kamar mahauci ko mafarauci ko mai saran rake, wuƙa mai kube ce tasa, kuma a wurin aikin ya kamata ta kwana.